Idan Ruwa Ya Yanke Hanyar Gwarzo, Wa Zai Kai Agaji?

Titin da ya tashi daga Kabuga, ya ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo, ya shiga Gwarzo, ya zarce Dayi ta Jihar Katsina, shi ne jijiyar yammacin Kano. Ta nan hatsin kasuwar Getso ke shiga birni, ta nan ake kai mara lafiya asibiti. A bakinsa kuma barikin Janguza yake. Ranar da ambaliya ta cinye gada ɗaya a wannan hanya, motocin da za su iya ratsa laka suna hannun soja, kayan agaji suna hannun hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha, sunayen waɗanda abin ya shafa suna bakin dagaci da mai unguwa. Waɗannan hannuwa uku ba sa haɗuwa da kansu, sai an haɗa su.

Yankin kewaye yake da ruwan da aka tare: dam ɗin Challawa da na Kusalla a Ƙaraye, Guzu-Guzu a Kabo, Watari a Bagwai. Dattawan Kano ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 kuma jirgin ruwa ya kife a Watari da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, aka rasa rayuka aƙalla 29. Mutanen gari da masunta ne suka fara faɗawa ruwa, kafin taimakon birni ya iso. Haka abin yake a ko'ina: awannin farko na maƙwabta ne.

Abin da ke biyo baya shi ne lissafi, kuma a nan ake gane amfanin soja. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi ya ce kowane mutum na buƙatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, ta sha da girki da tsafta, da abincin da ya kai wajen rabin kilo. A ce mutum 5,000 sun fake a makarantun firamare na Gwarzo. Kullum sai an kai musu lita 75,000 ta ruwa da buhun abinci 50 mai kilo hamsin-hamsin, ban da tabarmi, gidan sauro, magani da itacen girki. Kullum fa, ba sau ɗaya ba. Idan kwalbati ya karye, tirela ta tsaya a inda kwalta ta ƙare. Daga nan sai motar soja mai doguwar ƙafa, sai injiniyoyinsu masu ɗora gadar ƙarfe ta wucin-gadi, sai jirgi mai saukar ungulu idan lamarin ya yi tsanani.

Maiduguri ta nuna haka a fili. Da dam ɗin Alau ya ɓalle a daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa da fadar Shehu, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Sojojin Operation Hadin Kai ne suka fito da manyan motoci da jiragen ruwa suna kwaso mutane daga unguwannin da aka yanke, aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi. Ba don su ba da asarar rai ta fi haka. Amma abin lura shi ne Maiduguri ta shekara fiye da goma tana zama teburi ɗaya tsakanin soja da ma'aikatan agaji saboda rikicin Boko Haram. Sun san lambobin wayar juna. Gwarzo da Kabo ba su da wannan sabo.

Wannan sabon ma da jini aka same shi. A ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a Kala-Balge, lokacin da ake rabon agaji. Mutane da dama suka mutu, har da 'yan agajin Red Cross shida. Binciken rundunar tsaro ya ce ba a sanya wurin a taswirar aikinsu yadda ya kamata ba. Wato wani ɓangare ya san akwai dubban mutane a wurin, ɗaya ɓangaren bai samu labari ta hanyar da za ta tsayar da shi ba. Ina ganin duk mai tsara agaji a ƙasar nan ya kamata ya riƙe Rann a ransa.

Saboda irin haka ne ƙa'idojin Oslo na 1994, waɗanda suka shafi sojojin ƙetare a aikin agaji, suka ce a nemi soja ne idan babu wata hanyar farar hula, kuma jagoranci ya zauna hannun farar hula. Hikimar ta dace da mu ko da sojan namu ne. A Najeriya NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke da alhakin haɗa kai, kuma akwai rukunonin kai ɗauki da aka ware a cikin rundunonin soja domin bala'i. Kwamandan bariki ba ya fitar da mota don an kira shi a waya. Sai umarni ya sauko daga sama. Idan ba a share wannan hanya tun da rani ba, takarda za ta yi ta yawo alhali mutane na kan rufin ɗaki.

Rabon aikin, a ganina, bai da wuya. Soja ya buɗe hanya, ya yi dako, ya tsare sito. Rabo kuwa a bar wa SEMA da kwamitin ƙaramar hukuma da Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, bisa jerin da masu unguwanni suka tattara aka karanta a bainar jama'a. Dalilin farko, soja baƙo ne: bai san gidan da ke da marayu ba, bai san matar da ke kulle wadda ba za ta fito layi gaban maza masu bindiga ba. Dole a sa mata cikin masu rabo, in ba haka ba buhu zai tafi ga mai ƙarfin ture. Dalili na biyu ya fi nauyi. Gwarzo na iyaka da Katsina, kuma hare-haren 'yan bindiga sun taɓa Shanono da Tsanyawa a 2025. A irin wannan wuri, motar abincin da ta saba tafiya da rakiyar soja kan zama abin hari, ita da ɗan agajin da ke kanta, har bayan soja ya koma bariki.

Hukumar hasashen yanayi NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA ta biyo da taswirar wuraren da ambaliya ka iya shafa. Tsakanin wannan lokaci da saukar ruwan Agusta akwai watanni. A cikinsu shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo za su iya zama da hakimai, da wakilin Birged ta 3 da ke barikin Bukavu, da jami'an kashe gobara, da sarakunan ruwa, a rubuta wace makaranta ce ke kan tudu, wace hanyar burji ce za ta maye gurbin kwalta, kwalekwale nawa ke bakin kowane dam da rigunan kariya nawa. A kuma yanke tun ranar wanda zai biya kuɗin man motocin, domin a kan wannan ɗaya ayarin agaji kan kwana a bakin gareji da kaya a ɗaure.