Kaifin Harshe a Rediyo da Kujerar Majalisa

Da zarar an fara kaɗa gangar siyasa, akwai wata magana da ke dawowa bakin jama'a, wadda ni kam na gaji da jin ta: "Ai wane ya kamata mu tura majalisa, shi kaɗai ke iya faɗa musu gaskiya a rediyo." Kafin ka ankara an kafa ƙungiya, an buga fasta, ana karo-karo don a saya masa fom. Ka tambaya me ya sani game da yin doka, sai a ce ba shi da tsoro, ba shi da ubangida, muryar talaka ce. A wurin masu wannan magana, duk wanda ke caccakar masu mulki a rediyo ba ruwansa da mulki, don Allah yake yi. To, bari mu leƙa Amurka, inda surutun siyasa a rediyo ya daɗe da zama babbar sana'a, mu ga yadda abin ya kasance da mutum guda.

Dan Patrick shi ne mataimakin gwamnan jihar Texas tun watan Janairun 2015. An haife shi a Baltimore a 1950, kuma sunansa na yanka Dannie Goeb. Ya yi suna a Houston yana karanta labarin wasanni a talabijin, daga baya ya buɗe mashaya-mashaya na masu kallon wasa, kasuwancin ya karye, ya tsiyace a 1986 lokacin da faɗuwar farashin mai ta durƙusar da birnin. Abin da ya tashe shi wani ƙaramin gidan rediyo ne mai suna KSEV, wanda ya mallaka a ƙarshen shekarun 1980. Ya faɗo a kan gaɓa, domin a 1987 hukumar sadarwa ta Amurka ta soke ƙa'idar da ke tilasta wa gidajen rediyo su ba kowane ɓangare dama a batun da ake jayayya a kai. Patrick ya ɗauko shirin Rush Limbaugh, mai sharhin siyasa na 'yan riƙau, tun sunansa bai gama zagaye ƙasar ba, shi ma ya zauna gaban makirufo yana yaɗa ra'ayin riƙau: a rage haraji, a hana zubar da ciki, a tsaurara iyaka.

A lura da wannan da kyau. Mutumin da masu sauraro ke ɗauka ɗaya daga cikinsu, shi ne mai tashar. Ba wanda zai katse shi, ba edita a kansa, kuma fushin da yake hurawa kullum shi ke tara masu sauraro, masu sauraro kuma su ke kawo talla. Ban ce ƙarya yake yi ba. Harajin gidaje da ya daɗe yana kuka a kai ciwo ne na gaske a Texas, tunda jihar ba ta karɓar harajin albashi, nauyin sai ya koma kan masu gida. Amma koke na gaskiya yana iya zama jari, kuma ya zama. A 2006 ya fito takarar majalisar dattawan jiha (Texas majalisa biyu gare ta, ta dattawa mai kujera 31 da ta wakilai mai 150), ya kayar da 'yan takara uku a zaɓen fitar da gwani na jam'iyyar Republican da rata mai yawa. Su sun fara kamfe ne da buɗe fagen takara, shi kuwa ya shekara da shekaru yana shiga motocin masu zaɓe da ɗakunansu kowace rana.

Ga inda nake so masu karo-karon fom su buɗe kunne. A wancan lokacin, a majalisar dattawan Texas akwai tsohuwar al'ada cewa ba a kawo ƙuduri zaure sai kashi biyu bisa uku sun yarda, wato mutum 21 cikin 31. Al'adar tana kare marasa rinjaye. Da shigarsa a Janairun 2007, Patrick ya miƙe ya nemi a soke ta. Aka kaɗa ƙuri'a: 30 suka ƙi, shi kaɗai ya goyi bayan kansa. 'Yan jam'iyyarsa ma sun juya masa baya. Muryar da ke girgiza Houston ba ta iya motsa ƙuri'a ɗaya ba a Austin, inda majalisar take.

Bai samu abin da yake so ba sai da ya yi shekara takwas yana koyon aikin, ya riƙe kwamitin ilimi, ya kai dokar 2011 da ta wajabta hoton ciki kafin zubar da shi, sannan a 2014 ya kayar da David Dewhurst, mai riƙe da kujerar mataimakin gwamna tun 2003. A Texas ana zaɓen mataimakin gwamna daban da gwamna, kuma shi ke shugabantar majalisar dattawa, shi ke naɗa kwamitoci, shi ke nuna ƙudurin da zai motsa da wanda zai kwana a aljihun tebur. A 2015 'yan Republican na da kujera 20, sai aka sauke adadin daga 21 zuwa 19. A 2021 suka ragu zuwa 18, sai aka sake sauke shi zuwa 18 daidai. Wanda ya shigo yana cewa manya sun kulle ƙofa, yau shi ke riƙe da mukulli, har yana canza kwaɗon duk lokacin da lissafi ya canza. Ko ka yaba ko ka kushe, wannan aikin gogaggen ɗan siyasa ne da ya san inda yake nufa tun farko.

Ba rediyo kaɗai ya kai shi nan ba: akwai kuɗin masu hannu da shuni, da coci-coci, da yadda ake yanka mazaɓu, duk sun taimaka masa.

Halin rediyo kuma bai bar shi ba. A Nuwamban 2020 ya yi shelar zai raba har dala miliyan 1 ga masu kawo shaidar maguɗin zaɓe, lokacin da magoya bayan Donald Trump ke cewa an yi musu sata. Dala 25,000 na farko, a 2021, wani ma'aikacin zaɓe ɗan Democrat ne a Pennsylvania ya karɓa, bayan ya tona asirin ɗan Republican da ya yi yunƙurin jefa ƙuri'a sau biyu. Ga masu yawo da bidiyon 'yan riƙau na Amurka a WhatsApp suna cewa "waɗannan namu ne" don kawai suna adawa da auren jinsi, su sani cewa a 2007 da aka gayyaci limamin Musulmi daga Dallas ya buɗe zaman majalisar da addu'a, Patrick ficewa ya yi daga zauren.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan harka. Kano ce ta haifi sunan sojojin baka, kuma kowa ya san filin siyasa da yawa saye ake yi. Abin haushin shi ne mun sani, amma da mun ji murya mai daɗi tana zuba karin magana sai mu sallama hankalinmu. Haba jama'a! Wanda zai sayi akuya sai ya duba haƙoranta, amma wakilin shekara huɗu a kan sautin maƙogwaro za mu ɗauka?

Saboda haka, kafin ka sa sisinka a asusun fom, tambayi wa ke da tashar, wa kuma ke biyan kuɗin filin. Ka saurari shirin na wata guda da kunnen lura, ka ga wanda ba a taɓa ambata da sharri ba, domin sau da yawa ubangidan yana ɓoye ne a cikin wanda ake tsallakewa. Ka lura da mai bugo waya da ya saɓa masa, ana barin sa ya kai aya ko layi ne ke "katsewa" kullum a daidai wurin. Ka rubuta alkawuransa da kwanan wata a takarda, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Idan ya zo neman ƙuri'a unguwarku, ku bar yabon, ku yi masa tambaya cikin ladabi: Malam, karatu nawa ake yi wa ƙuduri kafin ya zama doka? Idan gwamna ya ƙi sa hannu, me majalisa za ta iya yi? Kasafin lafiya na jiharmu na bana, nawa aka ware, nawa aka saki? Wane kwamiti kake son shiga, kuma su wa za su mara maka baya a zaure? Wanda ya amsa da fushi ko ya kauce da barkwanci, ya ba ku amsa ke nan. Idan ya bayyana takara, ku nemi ya ajiye makirufo har a gama zaɓe, ko a ba abokan hamayyarsa fili daidai da nasa. Idan kuma ya ci, ku bar auna shi da hirar da yake bayarwa a bakin ƙofar majalisa, ku tura mutum biyu daga ƙungiyarku duk wata shida su nemi jerin ƙudurorin da ya gabatar da ranakun da ya halarci zama.