Rayuwa a Cikin Jirgin Rakiya a Yaƙin Duniya na Biyu

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun addabi ayarin jiragen ruwan da ke kai abinci da makamai daga Amurka zuwa Ingila. An fi yin ɓarna a tsakiyar Tekun Atilantika, inda jiragen saman da ke tashi daga tudu ba sa iya kaiwa. Dabarar da aka samo ita ce ayari ya tafi da jiragen samansa. A 1941 Ingila ta shimfiɗa filin tashi a kan wani jirgin kasuwa na Jamus da ta kama, ta sa masa suna Audacity. Amurka kuwa ta duƙufa wajen ƙera irinsa, wato jiragen rakiya, har kamfanin Henry Kaiser kaɗai ya ƙera guda 50 na samfurin Casablanca tsakanin 1942 da 1944.

An yi su ne cikin gaggawa da araha, kuma mutanen ciki su suka ji a jikinsu. Tsawon Casablanca mita 156 ne, amma yana ɗauke da mutum kusan 900 da jiragen sama wajen 27. Gadajen ƙananan sojoji hawa uku ne ko huɗu, mutum ba ya iya zama a miƙe a kan nasa. Ruwan daɗi sai inji ya tace shi daga ruwan teku, don haka wanka ma da ƙa'idarsa: ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka shafa sabulu, sannan ka ɗauraye. A Tekun Fasifik zafi kan kori mutane daga ɗakunan ƙasa, su fito sarari su kwana.

Tun kafin asuba ƙararrawa ke kaɗawa, kowa ya ruga wurin aikinsa, domin a irin wannan lokaci ake tsoron farmaki. Sai jirgi ya juya ya fuskanci iska don jiragen sama su tashi. Da yake filin gajere ne, gudun jirgin kuma bai wuce kilomita 35 a awa ba, jirage masu nauyi irin su Avenger sai an cilla su da majaujawar inji. Sauka ta fi tashi wuya. Wani jami'i kan tsaya a ƙarshen filin da alluna biyu a hannu yana yi wa matuƙi ishara, har ƙugiyar da ke wutsiyar jirginsa ta kama igiyar ƙarfe, ga igiyar ruwa tana ɗaga filin tana sauke shi.

In an sami sarari, akan nuna fim a rumfar ajiye jirage, ko a rubuta wasiƙa gida. Baƙaƙen fata kuwa, galibi aikin girki da hidimar hafsoshi aka keɓe musu.

Duk wannan rayuwa ana yin ta ne a kan man jirgi da bama-bamai, cikin jirgin da ba shi da sulke. Ranar 24 ga Nuwamba, 1943, kusa da tsibirin Makin, makami ɗaya daga jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya sami ma'ajiyar bama-baman jirgin rakiya Liscome Bay. Cikin minti 23 ya nutse, mutum 644 suka mutu, har da Doris Miller, baƙar fatan nan mai girki da ya yi suna a harin Pearl Harbor.

Duk da raunin nasu, sun taka rawar gani. Ranar 4 ga Yuni, 1944, jirgin rakiya Guadalcanal da jiragen da ke tare da shi suka kama jirgin ƙarƙashin teku na Jamus U-505 a tekun da ke yamma da Afirka. A Oktoban shekarar, kusa da tsibirin Samar na Filifin, jiragen rakiya shida suka yi arba da manyan jiragen Japan. An rasa biyu daga cikinsu, Gambier Bay da St. Lo, amma Japanawa suka juya.

Bayan yaƙi, sababbin jiragen sama masu tsananin gudu sun fi ƙarfin gajeren filinsu. Aka sayar da wasu, aka wargaza galibin sauran don ƙarfe, ko ɗaya bai rage ba a yau.