Yadda ake auna iskar sararin sama da na'urar radar

Masana yanayi sun daɗe suna fuskantar matsala guda wajen nazarin iskar da ke kaɗawa tsakanin kilomita 50 zuwa 100 daga doron ƙasa. Balan-balan ɗin da ake sakawa kullum domin auna yanayi yakan fashe ne da ya kai kimanin kilomita 30, su kuwa taurarin ɗan Adam ba sa iya zagayawa ƙasa-ƙasa haka. Wannan ne ya sa aka koma ga na'urar radar.

Radar tana harba igiyoyin rediyo zuwa sama, sannan ta saurari amsa-kuwwar da ta dawo. Idan abin da igiyoyin suka ci karo da shi yana tafiya, amon da ya dawo yakan sauya kaɗan, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya sauti yayin da ta wuce mutum. Masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ne ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1842. Daga wannan sauyi ake lissafa saurin iska da inda ta nufa.

To, me radar ke gani a iska? A shekarar 1974, Ronald Woodman da Alberto Guillén sun nuna cewa hargitsin iskar kansa yana mayar da igiyoyin rediyo. Sun yi aikin ne a tashar Jicamarca da ke kusa da Lima a ƙasar Peru. Bisa wannan hanya Jami'ar Kyoto ta Japan ta kammala wata tasha a Shigaraki a 1984, mai eriya 475.

Hanya ta biyu ta dogara ne da ƙananan duwatsu da ke faɗowa daga sararin samaniya, waɗanda ake gani da dare tamkar tauraro ya faɗo. Suna ƙonewa tsakanin kilomita 80 zuwa 100, su bar sawu mai ɗauke da lantarki, wanda galibi ba ya kai daƙiƙa guda. Kafin ya ɓace iska na jan sa, radar kuma na bin sa. Na'ura ɗaya kan kama dubban irin wannan sawu a rana.

Amfanin wannan aiki ya wuce ɗakin bincike. A watan Fabrairun 2018, iskar da ke kewaye kan duniya na arewa ta juya baya a can sama, bayan kimanin makonni biyu kuma wani matsanancin sanyi ya afka wa Turai, ya haddasa asarar rayuka. Bincike ya nuna cewa a wasu lokutan irin wannan juyi kan fara bayyana ne a saman da radar ke dubawa, kwanaki kafin ya sauko. Sai dai akasarin tashoshin suna Turai da Asiya da nahiyar Amurka, yayin da sararin tekuna da na Afirka ke da ƙarancinsu.