HORO A AJI: INA IYAKAR MALAMI A KAN ƊANKI?

Da yawanku da ke zuwa awon ciki kuna da yara a firamare ko Islamiyya, wanda ke cikin ma nan da shekara huɗu ko biyar zai rataya jaka. Shi ya sa a wannan fitowar za mu tattauna a kan horon da malamai ke yi wa yara a aji, domin wani lokaci horon nan a gadon asibiti yake ƙarewa.

Babu mai cewa a bar yaro sakaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma malamin da ke riƙe da aji mai cike da yara yana buƙatar a ji maganarsa. Amma mai tanƙwara icce yakan kula kada ya karya shi. Horo yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce lafiyar yaro da mutuncinsa.

ABIN DA DOKA TA CE

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara a 1991, wadda ta ce horon makaranta ya kasance mai kiyaye mutuncin yaro. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ita ma ta hana a ji wa yaro ciwo a jiki ko a zuciya, ko a yi masa hukuncin wulaƙanci. Sai dai tsohon kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, a sashe na 55 ya ba malami damar hora yaron da bai kai shekara 18 ba, muddin bai yi masa mummunan rauni ba, irin su karaya, zubar da haƙori, ko rasa gani ko ji.

Ki lura da wannan, 'yar'uwa: kafin a kai ga karaya ko makanta, an riga an wuce gona da iri da nisa. Saboda haka mu ma'aikatan lafiya iyakarmu ta fi ta wannan sashe kusa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa kusan rabin yaran Nijeriya sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa kafin su cika shekara 18.

WURAREN DA HANNU KO BULALA BA ZA SU TAƁA BA

Kunne. Mari da tafin hannu yana tura iska da ƙarfi cikin kunne har dodon kunne ya fashe. Yaro zai ji zafi, kunnen ya riƙa ƙara, ji ya ragu, wani lokaci jini ya fito. Yawanci yakan warke cikin 'yan makonni idan ruwa bai shiga ba, amma idan ya yi ruwa yana iya barin kurumta.

Ido. Bakin tsumagiya ko dorina yakan lanƙwaso ya sami ido, sau da yawa ma idon yaron da ke zaune kusa, wanda bai yi laifin komai ba. Jini na iya taruwa a cikin ido, kuma ido ɗaya idan ya tafi ba ya dawowa.

Kai. Ranƙwashi da gwara kan yara biyu ba wasa ba ne. Jini na iya taruwa a cikin kai a hankali, alamun su bayyana bayan sa'o'i.

Ciki da kwiɓi. Yaran da zazzaɓin cizon sauro ke yawan kamawa sukan sami kumburin saifa. Naushi ko shuri a ɓangaren hagu na iya fasa ta, jini ya zuba a ciki ba a gani.

Yatsu. Dukan bayan hannu da gefen rula yakan tsaga ƙashin yatsa. Da hannun nan yaro zai yi rubutu.

HORON DA BA BULALA, AMMA YANA CUTARWA

Tsallen kwaɗo, kamun kunne da dogon durƙuso a rana ana ganinsu kamar sun fi duka sauƙi. Idan aka tsananta su, naman cinya yakan lalace, dattinsa ya bi jini ya toshe ƙoda. Alamar ita ce ciwon cinya mai tsanani da fitsari mai launin baƙin shayi. Dukan da ya yi yawa a duwawu da baya ma yana kawo haka.

Hana yaro zuwa banɗaki, hana shi ruwa ko abincin tara, da kulle shi a ɗaki shi kaɗai, duk ba horo ba ne. Haka nan kiransa daƙiƙi ko jaki a gaban 'yan aji, sa yara su yi masa ihu, ko miƙa wa monita bulala ya dake shi. Tabon bulala yana ɓacewa a mako guda, na wulaƙanci kuwa yakan bi mutum har girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa dukan yara yana da alaƙa da fargaba, damuwa, yawan faɗa da koma baya a karatu, kuma ba ta sami shaidar yana gyara hali ba. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya yi bayani a littafinsa Muƙaddima cewa tsanantawa tana koya wa ɗalibi ƙarya da yaudara don ya tsira daga hukunci.

YARAN DA KE BUƘATAR KULAWA TA MUSAMMAN

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasin haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Ga irin wannan yaro, rana, ƙishirwa da gajiya suna tayar da ciwon ƙashi, har ya kai ga kwanciya da ƙarin jini. Mai asma bai kamata a sa shi gudu ko sharar aji mai ƙura don horo ba. Mai farfaɗiya kuma tashin hankali na iya tayar masa da ita.

Malami ba zai san wannan ba sai kin faɗa masa. Ranar da za a sa yaro makaranta, ke ko babansa ku sanar da hedimasta da malamin aji, a rubuce, kuma ku maimaita duk lokacin da aka canja aji. Ɓoye ciwo don gudun surutun mutane yaron yake cutarwa.

Wani abin kuma, ba kowane "rashin ji" ne rashin ji ba. Yaron da ba ya kwafar aikin allo wataƙila ba ya hango allon ne. Wanda ba ya amsa kira wataƙila kunnensa ne. Mai gyangyaɗi a aji wataƙila yunwa ce, ko ƙarancin jini, ko tsutsar ciki. Bahago da mai i'ina ba su yi laifi ba, duka ba ya canja su. Ke mai juna biyu kuma ki sani, idan ƙani ya zo, babban yaro yakan canja hali na ɗan lokaci, ya yi ta rigima ko ya koma fitsarin kwance. Ki gaya wa malaminsa don ya yi masa uzuri.

HORON DA YA DACE

Malami yana da hanyoyi da dama: ya ja yaro gefe ya yi masa faɗa, ya canja masa wurin zama, ya sa shi sake aikin da bai yi ba, ya gyara abin da ya ɓata, ya ba wanda ya zalunta haƙuri, ya rage masa lokacin wasa kaɗan, ko ya kira iyaye. Horo mai kyau yakan yi daidai da laifin da shekarun yaro, yaron ya san dalilinsa, kuma ba a yin sa cikin fushi. Rashin gane karatu ba laifi ba ne. Makarar da aikin gida ko talla ya jawo, da rashin biyan kuɗin makaranta, maganar manya ce, kada a huce a kan yaro.

KI KAWO SHI ASIBITI A RANAR IDAN KIN GA:

• Jan ido, kumburi, ko ya ce ba ya gani sosai. Kada ki ɗiga nono, ruwan sukari ko tozali.
• Jini ko ruwa daga kunne. Kada ki zuba mai ko ruwa, kada ki sa tsinke.
• Amai, yawan barci, ciwon kai mai ƙaruwa ko jijjiga bayan bugu a kai.
• Ciwon ciki, jiri ko tafin hannu ya yi fari bayan bugu a ciki.
• Fitsari mai duhu ko raguwar fitsari.
• Gaɓar da ta kumbura ba ta motsi. A ɗauki hoto kafin a yi maganar ɗori.

Ki faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru. Cewa "faɗuwa ya yi" don rufa wa wani asiri yana ɓatar da mu wajen bincike.

YADDA ZA KU TUNKARI MAKARANTA

Ki riƙa duba jikin yaro lokacin wanka, ki tambaye shi yadda ya wuni. Yaron da ke kukan ciwon ciki kullum da safe amma ya warke ranar hutu, akwai abin da yake tsoro. Ki saurare shi, kada ki ƙara masa wani dukan.

Idan an wuce iyaka, kada ku tafi da faɗa, kada kuma ku ci mutuncin malami a gaban yara. Ku fara ganin malamin, ku ji ta bakinsa. Idan ba a daidaita ba, sai hedimasta, sai ƙungiyar iyaye da malamai, sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Idan akwai rauni, ku karɓi takardar likita, ku kai rahoto ofishin jin daɗin jama'a ko wurin 'yan sanda. Yin shiru yana barin sauran yaran ajin cikin haɗari.

A ƙarshe, iyakar da muke nema daga malami, mu fara kiyaye ta a gida. Uban da ya kai ɗansa makaranta yana cewa "Malam, ka dake shi sosai" shi ya buɗe ƙofar. Ku ce masa: "Malam, ga amana. Idan ya yi laifi ka hore shi ba tare da duka ba, ka kuma aiko mana." Idan kina da tambaya, ki same mu ranar awo. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya mana zuri'a.