MAI CIWO MA YANA DA TA CEWA

Fadan Kagoma, hedkwatar masarautar Gwong cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, ita ce mahaifar marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya riƙe Jihar Kaduna daga 2010 har rasuwarsa a 2012. Sunansa aka sa wa babban asibitin Kafanchan, inda mutanen yankin sukan nufa idan ciwo ya gagari ƙananan asibitocin karkara. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa cibiyar lafiya ta tarayya a Kafanchan. To, amma gini da na'urori rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne yadda ake karɓar wanda ya zo da ciwon.

Masana kiwon lafiya suna da wata manufa da suke kira sa majinyaci a gaba. Ma'anarta ita ce likita ya dubi mutum ɗungurungum, watau ciwonsa da harshensa da sana'arsa da ƙarfin aljihunsa, sa'an nan a yanke shawarar magani tare da shi. A 2016 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da wannan manufa, ya kuma nemi ƙasashe su gina aikin lafiyarsu a kanta.

Abu na farko shi ne harshe. A kewayen Kafanchan akwai masu Gyong da Jju da Tyap da Hyam da Fulatanci. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa, likita kuwa da Turanci ya yi karatu. Tsohuwar da ta iya cinikin citta da Hausa ba lalle ne ta iya kwatanta ciwon da ke cin ta da ita ba. Idan ba a nemo mai fassara ba, sai ta gyaɗa kai don kunya, ta koma gida ta sha maganin yadda ta ga dama.

Na biyu shi ne halin zaman mutum. A ɗauki manomin da aka samu da hawan jini, aka rubuta masa magani mai tsada, aka ce ya riƙa dawowa kowane mako a tsakiyar damina. Kuɗin mota da aikin gona za su hana shi. Da an tambaye shi, da an zaɓa masa maganin da zai iya saye, an kuma haɗa shi da asibiti mafi kusa don awon jini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan alfarma ce ake roƙo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake ji. Ta ba shi ikon ƙin magani bayan an bayyana masa abin da zai biyo baya. Ta hana tona asirin ciwonsa, ta kuma hana a ƙi karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majinyata mai ɗauke da haƙƙoƙi 12.

Sai dai ma'aikacin da dogon layi ke jiransa tun safe da wuya ya sami sukunin sauraro. Saboda haka wajibi ne hukuma ta ƙara ma'aikata, kuma Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Kafanchan ta ɗauki koyar da sauraro da muhimmancin da take ba koyar da allura. Shi ma majinyaci da nasa nauyin, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya faɗi gaskiyar abin da ya sha a gida, ko da sassaƙe ne, kuma kada ya bar gaban likita sai ya san sunan ciwonsa, da yadda zai sha maganin, da ranar da zai komo.