ƘURAJEN LEƁE: ABIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

A unguwar Jekadafari ta birnin Gombe, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, idan mutum ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ƙuraje suka feso masa a gefen leɓe, sai ka ji ana yi masa barka, wai zazzaɓi ya fita ta baki. Wannan magana ba daidai ba ce. Ƙurajen nan ciwo ne dabam, zazzaɓin ya tayar da shi ne kawai.

ME KE KAWO SU?

Wata ƙwayar cuta ce wadda likitoci ke kira Herpes simplex. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, ta hanyar sumba ko yawu. Da zarar ta shiga jiki ba ta fita, sai ta laɓe cikin jijiya. Zazzaɓi, ko mura, ko gajiya, ko zafin ranar bazara, ko tsagewar leɓe lokacin hunturu, duk suna iya farkar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 mutum miliyan 3,700 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita, watau biyu cikin uku. Saboda haka ba abin kunya ba ne.

YADDA ZA A KULA DA SU

Da fari akan ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi a leɓe, sannan ƙuraje masu ruwa su fito, su fashe, su yi ɓawo. Sukan warke da kansu cikin kwana 10 zuwa 14.

A riƙa wanke wurin da ruwa mai tsabta, a shafa man baselin don kada ya tsage. Kada a matse ƙurjin, kada a ɓare ɓawon. Kada a sa toka, ko gishiri, ko man goge haƙora. Kafso na kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya yi wa wannan cuta komai. Akwai magani mai suna Acyclovir wanda ke rage kwanakin ciwon, musamman idan an fara shi tun ranar da aka ji ƙaiƙayin, amma ba ya raba mutum da ƙwayar. A nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin a sha.

HAƊARI GA JARIRAI

Nan ne babban gargaɗinmu yake. Abin da babba zai warke daga gare shi cikin mako biyu yana iya kama ƙwaƙwalwar jariri sabon haihuwa, har ya halaka shi. Don haka mai ƙurjin leɓe, ko da uwa ce ko kaka, kada ya sumbaci jariri ran barka ko ran suna. Uwa ta ci gaba da ba da nono muddin babu ƙurji a kan nonon, amma ta wanke hannu da sabulu tukuna. Kada a tauna abinci a ba yaro. Mai ƙurji ya ware moɗarsa da cokalinsa da tawul ɗinsa har ya warke.

YAUSHE ZA A JE ASIBITI?

A garzaya asibiti idan jariri ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko ƙuraje suka fito masa. Idan ciwon ya kusanci ido. Idan ya wuce mako biyu bai warke ba. Ko kuwa mai ciwon garkuwar jikinsa ta raunana. Mutanen Gombe suna da Asibitin Ƙwararru na Jiha a Jekadafari da Asibitin Koyarwa na Tarayya. A sauran wurare a nufi asibiti mafi kusa.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa. Rigakafi ya fi magani.