Tsatsar da likita ke nema

Duk magidancin da ya yi rufin kwano a Gangara ya san inda ɗaki ke fara yoyo: bakin ƙusa. Sauran kwanon yana nan da farinsa, amma inda ƙusa ta huda ya yi ja, ruwan Agusta ya sami hanya. Farin nan tutiya ce aka shafa wa ƙarfen. Ita ke cinyewa sannu a hankali, damina bayan damina, domin ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya tsira.

Wannan sannun nata ne ya ja hankalin masu binciken lafiya. Mai ɗori yana ɗaure karaya da karare, in ƙashi ya kama sai ya kwance. Ƙarfen da likita ke sa wa mutum a Maradi kuwa, sau da yawa sai an sake tiyata kafin a fitar da shi. Ga kuɗin mota, ga jinya, ga gonar gero da aka bari ba mai nomewa. Shi ya sa ake neman ƙarfen da zai riƙe ƙashi ko ya buɗe jijiyar jini, in ya gama aikinsa ya narke a jiki.

Cikin ƙarafan da aka gwada, maganisiyam wutar kara ce: tana saurin cinyewa, tana kuma tara iska a cikin nama. Baƙin ƙarfe kututturen kirya ne, ya kwana yana ci bai ƙare ba. A 2013 Patrick Bowen da abokan aikinsa na jami'ar fasaha ta Mishigan a Amurka suka dasa siririyar wayar tutiya a babbar jijiyar jinin ɓeraye har wata shida. Abin da jiki ke ci daga gare ta a shekara bai wuce kaurin silin gashi ba. Kuma jiki ya san tutiya: babban mutum yana ɗauke da giram 2 zuwa 3, ita ce kuma ƙwayar miligiram 20 da ake ba yaro mai zawo tare da ruwan gishiri da sukari.

Sai dai tutiya zalla tana da laushi, dole a gauraya ta da jan ƙarfe, ko azurfa, ko ɗan maganisiyam. A nan maganar ƙusa ta dawo. In ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwa mai gishiri, kuma jini haka yake, ɗaya kan riga ɗaya ci. Maimakon ƙarfen ya sirance bai ɗaya, sai ya yi ramuka, ya karye tun ƙashi bai haɗe ba. Ni a ganina wannan ya fi ƙarfin gaurayen muhimmanci, domin rufin da ya ɓule wuri ɗaya ya jiƙa hatsi ko da sauransa sabo ne.

Har yanzu galibin wannan aiki yana matakin gwaji a jikin dabbobi.